A SHIMFIƊA WA ILMIN TAURARI BUZU A SAMARU

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta tashi daga Sabon Gari, ta ratsa Palladan, ta nufi Samaru, ya san abin da a kan gani ran 29 ga Sha'aban da magariba. Mutane su kan fito bakin titi, masu shaguna da almajirai da masu komowa daga aiki, kowa ya juya fuska yamma. Wani ya ce ga shi can bisa itacen nan, wani ya ce a'a, gajimare ne. A gefe guda ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964. Gaba kaɗan kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962. Mu dai duk sa'ad da muka ga wannan taro sai tambaya guda ta faɗo mana a rai. Tsakanin waɗannan manyan makarantu biyu, wane ne a ke biyansa albashi musamman don ya san inda jinjirin watan nan zai tsaya, da tsawonsa bisa doron ƙasa, da minti nawa zai yi kafin ya faɗi?

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani ɗalibi ya taɓa yi mana a makarantar horad da malamai. Yaron gwani ne a lissafi, ga shi kuma da son kallon sama, har ya kan zana tafiyar wata a bayan littafinsa dare bayan dare. Muka ce masa ya dage ya nemi ilmin taurari a Jami'a. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, in na karanta, wa zai ɗauke ni aiki?" Muka rasa ta cewa. Yau yana wani ofis yana lissafin kuɗin albashi, ba mu kuwa ga laifinsa ba, don ɗan talaka ba ya shiga hanyar da bai ga inda ta ɓulle ba.

To, ra'ayinmu ke nan a taƙaice. Ilmi ba ya zama a gari sai an shimfiɗa wa malaminsa buzu. Muddin babu kujerar koyarwa tabbatacciya, mai albashi da hanyar ƙarin girma, wadda aka rubuta wa suna ilmin taurari, to, ko madubin hangen nesa nawa aka sayo, ko taron biki nawa aka yi, wannan ilmi zai zauna baƙo a Arewa.

Ba Baƙon Ilmi Ba Ne

Kada wani ya ɗauka Bature ne ya kawo mana kallon sama cikin akwati. Tun ba a aza tubalin farko a Samaru ba manomin ƙasar Zazzau ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ko da ya ke ba kowa ya san Zara da Gamzaki abu ɗaya ne ba, watau Zuhura, wadda ke bayyana wani lokaci da magariba, wani lokaci da asuba. Malaman zaure suna riƙe da lissafin taurari 28 da shekara ke bi, bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Kowane tauraro kwana 13 ne, in ban da Jabha mai kwana 14, in ka tara sai ka sami 365 cif. Da wannan lissafi a ke gaya wa manomi Surayya ta shiga, ko Haƙ'a, ko Zira'a, ya san inda damina ta nufa. A Katsina an yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafai kan lissafi da hatimai da taurari, har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa.

Me ya raya wannan ilmi shekaru aru aru ba tare da Gwamnati ba? Buzu ne. Malami yana da wurin zama sananne, almajirai sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, jama'ar gari kuwa sun ɗauke masa nauyin bakin salati. In ya tsufa ɗaya daga cikin almajiransa ya gaji buzun. Jami'a ba ta zo da wata sabuwar dabara ba, sai dai ta sāke wa buzu suna ta kira shi kujera.

Yadda Nsukka Ta Yi

Abin mamaki shi ne Samaru ta fara da ƙafar dama a wannan fanni. Shugaban Jami'ar na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand, malamin Fiziks ne, ya kuwa riƙe sashen Fiziks na Ibadan kafin ya zo nan. Matarsa Elizabeth tana cikin mutanen farko a duniya da suka gane rana na aiko da sautin rediyo. A 1945 na'urar hango jirage da ke tsibirin Norfolk ta riƙa kama wata ƙara da fitowar rana da faɗuwarta, ita ce ta bi diddigi ta nuna daga rana ƙarar ke zuwa. Allah bai nufa ta ga Samaru ta zama Jami'a ba, ta rasu a Ibadan a 1958. Sashen Fiziks na Samaru ya girma, amma ya fi mai da fuskarsa ƙasa. Ya yi suna wajen binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a nan Deborah Ajakaiye ta sami digirin Dakta, ta zama Farfesa a 1980. Ya yi suna kuma a harkar nukiliya, har tukunyar bincike ta farko a Nijeriya ta fara aiki a Zariya a 2004. Wannan duk abin alfahari ne, yana kuma nuna cewa babu ilmin da ya fi ƙarfin yaran Arewa in an ba shi gida.

Ilmin taurari kuwa a Nsukka ya sami gida, ta hannun mutum guda. Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939, ya yi digirin farko a Ibadan, ya tafi Kambirij ta Ingila ya yi digirin Dakta a hannun Antony Hewish. Su biyu suka ba da labari a 1965 cewa sun kama wani baƙon sauti mai ƙarfi daga tsakiyar Gajimaren Ƙaguwa, watau ragowar wani tauraro da ya fashe, wanda mutanen Sin suka ga haskensa a 1054. Daga baya aka gane gawar tauraron ce ke juyawa wajen sau 30 cikin daƙiƙa guda. Hewish ya sami lambar Nobel a 1974. Okoye ya komo gida, ya zauna a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya yaye ɗalibai, ɗalibansa suka yaye wasu. Shi ya sa yau sashen nasu ke ɗauke da suna biyu, Fiziks da Ilmin Taurari, shi ya sa kuma Hukumar Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, ta ajiye cibiyarta ta wannan fanni a Nsukka. Okoye ya rasu a 2009, amma buzun bai naɗe ba.

Ba hassada mu ke yi ba. Darasi mu ke ɗauka. Mutanen Nsukka ba su fi mu sararin sama ba. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka mai tsayawa a Palladan yana ganin tauraron arewa, yana kuma ganin mafi yawan taurarin kudu waɗanda mutumin Ingila bai taɓa sa wa ido daga gidansa ba. Abin da suka fi mu shi ne malami ya sami kujera, ya zauna a kanta har ya tsufa.

Tsanin Da Malami Ke Hawa

Ya kamata malaman makaranta su san yadda wannan aiki ya ke, don su gaya wa yara gaskiya. Bayan sakandare yaro zai yi shekara 4 yana digirin farko a Fiziks ko Lissafi, ya yi shekara guda ta hidimar ƙasa, ya yi wajen shekara 2 a digiri na biyu, sa'an nan shekara 3 ko fiye a digirin Dakta. Shekara goma ke nan in komai ya tafi daidai. Cikin Jami'a kuwa tsanin mai hawa bakwai ne: Mataimaki mai digirin farko, Mataimakin Lakcara, Lakcara mai daraja ta biyu, Lakcara mai daraja ta ɗaya, Babban Lakcara, Mataimakin Farfesa, sa'an nan Farfesa, watau Shehun Malami. A bisa al'ada a kan yi shekara uku a kan mataki kafin a duba na gaba, ba kuwa daɗewa kaɗai ke hawar da mutum ba. Sai ya nuna binciken da ya yi, wanda masana irinsa suka tantance aka buga. Dokar 2012 ta ba Farfesa damar ya yi aiki har ya cika shekara 70.

Aikin kashi uku ne. Akwai koyarwa, wadda a wurinmu ta kan haɗa da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da tulin takardun jarrabawa. Akwai bincike. Akwai kuma hidimar jama'a. Wanda ya zaci malamin taurari kwana ya ke yi ido a madubi, ya yi kuskure. Yawancin aikinsa yau a gaban kwamfuta ne, yana tace lissafin da manyan na'urori suka tara. Tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Gaia ya auna matsayin taurari fiye da miliyan dubu, an kuwa zuba sakamakon a intanet kyauta ga kowa. Malamin da ke Samaru, in yana da wutar lantarki da intanet mai ƙarfi, zai iya buɗe wannan taska daidai da malamin da ke Faransa.

Ba za mu ɓoye ɗacin aikin ba. Albashin malamin Jami'a bai kai wahalarsa ba. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk wanda ke tsakiyar bincike a lokacin ya san asarar da ya yi. Ƙurar hunturu kan rufe mana sama, damina kuma ta zo da gajimare. Wanda ya shiga wannan hanya don ya yi kuɗi ya ɓata lokacinsa. Amma fa haka malamin Kimiyya da na Tarihi ke fama, suna kuwa nan sun cika Jami'a, don kowannensu ya ga kujerar da zai zauna. Malamin taurari kaɗai ne a Arewa a ke so ya sha wannan wahala duka, sa'an nan ya komo ya tarar ba wurin zama.

Masu Cewa A'a

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu ta cancanci amsa.

Na farko su ne masu tsoron duba. Da sun ji an ce taurari sai su tuna mai zanen ƙasa da ke gaya wa mutum ranar aurensa. Tsoronsu yana da tushe, don a dā an sha cakuɗa abubuwan biyu cikin littafi guda. Amma malamanmu sun daɗe da raba su. Duba shi ne da'awar sanin gaibu. Falaki kuwa awo ne da lissafi, da shi a ke sanin alƙibla da lokutan salla. Mai falaki zai gaya maka wata na cika zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44, shi ya sa watanninmu ke zuwa 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ke gaza ta rana da wajen kwana 11. Zai gaya maka jinjirin da bai kai wajen awa 15 da haihuwa ba ido ba ya kama shi. Ba shi zai ce a ɗauki azumi ba. Wannan hakkin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne, bisa shaidar waɗanda suka gani. Aikin mai falaki ya nuna wa masu duban wata inda za su sa ido, ya kuma taimaki kwamitin ganin wata ya rarrabe jinjiri da Zara ko fitilar jirgi. Duk wanda ya taɓa ganin unguwa guda ta rabu biyu ranar Salla ya san wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Na biyu su ne masu cewa ana fama da yunwa da rashin tsaro da rashin magani, ina mu ina taurari? Gaskiya ne, cikin da ba kome ba ya kallon sama. Amma a dubi Palladan ɗin nan kanta. Matuƙin jirgin da a ke koyarwa a nan da taurarin ɗan Adam ya ke gane hanya, haka mai awon filaye, haka mai wayar hannu. In rana ta yi aman wuta, kamar yadda ta yi a watan Mayu na 2024, saƙon waɗannan taurari ya kan rikice, ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu kuwa samansu ya fi saurin rikita shi ko ba aman rana. Nijeriya ta kashe kuɗi ta mallaki taurarin ɗan Adam tun daga NigeriaSat-1, wanda aka ƙera a Ingila aka harba daga Rasha a 2003. Ashe ya dace a ce rabin ƙasa na biyan kuɗin abu, ba ta da masu fahimtarsa a babbar Jami'arta? Ban da wannan, malamin taurari guda ya kan koyar da Fiziks da Lissafi ga ɗaruruwan da ba za su taɓa zama masana taurari ba, su zama injiniyoyi da malaman sakandare. Ba mu taɓa ganin abin da ke jawo yaro ga lissafi kamar a nuna masa zoben Zuhalu da idonsa ba.

Na uku su ne masu cewa in an koyar da su gudu za su yi Turai. Wasu za su gudu, ba shakka. Amma wanda ya fi saurin gudu shi ne wanda ya san ba abin da ke jiransa a gida. Maƙwabtanmu sun gane haka. Gana ta ɗauki wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Ankara, ta mai da shi na sauraron taurari a 2017. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faifai 64 a 2018, ta kuma karɓi baƙuncin babban taron masana taurari na duniya a Cape Town a 2024, karo na farko a Afirka. Cikin ƙasashe takwas na Afirka da ke tarayya da ita a babban shirin nan na SKA akwai Gana da Kenya da Zambiya, babu Nijeriya. Ilmin ya riga ya iso Afirka, tambayar kawai ita ce ko da mu za a yi.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Ba mu ce a gina sabon sashe ba, ba mu ce a sayo madubin miliyoyi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, mun sha ganin na'ura mai tsada ta ruɓe cikin akwati don ba wanda aka ajiye ya kula da ita. Roƙonmu huɗu ne.

Na ɗaya, Majalisar Jami'a ta keɓe kujeru uku cikin sashen Fiziks, a rubuta musu suna ilmin taurari, a yi shelarsu da wannan suna. Ɗaya ta babban malami, ko daga Nsukka za a ɗauko shi, ko daga wata ƙasa, biyu na matasa. Mun ce uku don malami guda in ya yi ciwo ko ya tafi, shi ke nan buzu ya naɗe. Jami'ar da ke da malamai fiye da dubu kujera uku ba za ta karya ta ba.

Na biyu, Gwamnatocin Jihohin Arewa 19 da asusun TETFund su ɗauki nauyin karatun waɗanda za su hau kujerun, a Nsukka ko Masar ko Afirka ta Kudu, da alkawari a rubuce ta fuska biyu: yaro ya sa hannu zai komo, Jami'a ta sa hannu kujera na jiransa.

Na uku, a ba su kayan aiki gwargwadon hali: ɗaki mai wuta ba yankewa, intanet, da ƙaramin madubi a bayan gari inda fitilu ba su kashe duhu ba. A kuma auna ƙarin girmansu da mudun fanninsu, ta hannun masana fannin.

Na huɗu, a ɗora musu hidima a rubuce: darasi ga ɗaliban da za su zama malaman makaranta, lacca ga matuƙan Palladan, da jadawalin tsayuwar wata kowace shekara cikin Hausa, da boko da ajami, wanda za a miƙa wa kwamitin ganin wata da limamai.

Rabonmu

Mu ma da namu kason. Malamin makaranta, ko ba ka da madubi kana da sama. Ka sa yara su zana wata kowane dare har kwana talatin, su faɗi dalilin da ya sa ya ke jinkirin fitowa da wajen minti 50 kowace rana. Ka gayyato malamin zaure ya karanta musu taurari 28, kai kuma ka nuna musu su a sama. In ka ga mai kai, namiji ko mace, ka riƙe shi da lissafi, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kai kuma malamin ofis, ka tuna a zamanin En'e akawu ne ke cika takardar da ta kai 'ya'yan talakawa Kwalejin Barewa. Yau ma takardar neman taimakon karatu ta hannunka ta ke bi. Kada ka bari ta kwana cikin tire don ka ga sunan ilmin da ba ka saba ji ba.

Ran 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi cikakke, duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi. Masu lissafi sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo, amma da yawa cikin mutanenmu sai a rediyo suka ji bayani, daga bakin waɗanda ba su san sunan Gamzaki ba. Masu lissafin nan sun ce ran 20 ga Maris, 2034, wani husufin cikakke zai sāke ratsa Nijeriya, in Allah ya kai mu. Yaron da ke ajin digirin farko a Samaru yanzu yana iya zama Dakta kafin ranar, ya tsaya gaban jama'a ya yi musu bayani da harshensu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son a same shi a 2034, bana ya kamata a shimfiɗa buzun. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, amin.